Aikin da aka yi wa idon ɗana, da abin da ba zai iya ba

Tun da aka yi wa ɗana aikin ido, 'yan'uwa tambaya ɗaya suke yi min: to, ya ajiye tabarau? Bai ajiye ba, kuma da ma ba don haka aka yi aikin ba.

Ciwon nasa keratokonas ne. Tantanin nan garai da ya rufe baƙin ido shi ke sirancewa, yana tasowa yana yin tsini, sai haske ya riƙa shiga a karkace. Yakan fara ne wajen balaga, kuma a idon matashi ya fi saurin ci gaba. Mu dai abin da muka gani, duk tabarau da aka yanka masa, kafin a je ko'ina ya daina yi masa amfani. Da dare kuwa kowace fitilar mota sai ya gan ta da jela. Ga yawan murza ido da bayan hannu saboda ƙaiƙayi, abin da likita ya ce yana ƙara ta'azzara ciwon.

Aikin da aka yi masa, wanda ake kira kuroslinkin, ƙarfafa tantanin yake yi. A hanyar asali, wadda likitan ido Theo Seiler da abokan aikinsa suka fito da ita a Dresden ta ƙasar Jamus, suka wallafa sakamakonta a 2003, ana kankare fatar saman tantanin, a yi minti 30 ana ɗiga riboflabin, wato bitamin B2, sannan a haska hasken UVA, wani nau'in haske irin wanda ke cikin hasken rana, na wani minti 30. Hakan ke sa zaruruwan tantanin su ƙulle da juna su yi tauri.

Kwanakin farko da wuya. Ɗaki a rufe, labule a sauke, hawaye na zuba, yana cewa, "Umma, kamar an zuba min yashi." Ganin ma sai da ya ƙara dushewa na wasu makonni kafin ya daidaita. An gaya min haka za a yi, amma duk da haka hankalina ya tashi.

Abin da ya sa na amince tun farko shi ne binciken KERALINK na Birtaniya da aka wallafa a 2021, kan yara 60 masu shekara 10 zuwa 16. Bayan wata 18, ciwon ya ci gaba a kashi 7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin, amma a kashi 43 na waɗanda ba a yi wa ba. Wasu ganinsu kan ɗan ƙaru, sai dai ainihin manufar ita ce a tsayar da ciwon inda ya kai. Shi ya sa ban yarda da "bari ya ƙara girma" da wasu iyaye ke cewa ba. Hanyar asali tana buƙatar kaurin tantani ya kai maikiron 400, wato kusan rabin milimita, jira kuwa rage shi yake yi.

Idonsa na hagu aka yi wa. Na daman ana ta auna shi lokaci-lokaci, kuma likita ya ce da zarar hoton awon ya nuna ciwon ya ci gaba, shi ma za a yi masa.