Daren da na ɓata wa masu rawa taku a Luwiziyana

Shekara uku ke nan, amma duk lokacin da na ɗauki jita sai na tuna tsohuwar nan mai shuɗiyar riga, yadda ta yi tangal-tangal a tsakar fili, mijinta ya riƙo ta da hannu biyu. Ni na jawo. Ba wani ba.

Karatun harkar man fetur ya kai ni Lafayet, a kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka. Ina kaɗa jita tun ina Damagaram, kuma Faransancin da na koya a makaranta shi ya buɗe mini ƙofa wajen tsofaffin Kajun, jikokin Faransawan da Ingilishi suka kora daga gabashin Kanada a 1755. Faransancinsu daban ne da namu, sai ka kasa kunne sosai, amma da suka ji baƙon Afirka yana gaishe su da shi sai suka jawo ni jiki. Da yawansu sun sha horo a makaranta suna yara don sun yi magana da harshen gidansu.

Abin da ya kama ni ba kiɗan akodiyon (abin kiɗa mai maɓallai da ake ja ana matsawa kamar zugazugi) da aka fi sanin su da shi ba ne. Wani reshe ne nasa, wanda ya yi tashe daga wajen 1935 zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aikin mai da rediyo suka kwararo da kiɗan Teksas irin na Bob Wills cikin garuruwansu. Makaɗa suka ajiye akodiyon, don maɓallanta kaɗan ne, ba ta iya bin karin jaz da buluz, suka koma ga goge da jita da jitar ƙarfe da ake kwantarwa a cinya. Waƙar da Faransanci, dukan na suwin, wato jaz na rawa, daɗin na kantiri, kiɗan karkarar Amurka. Na yi wata shida ina sauraron Hackberry Ramblers, ƙungiyar da Luderin Darbone da Edwin Duhon suka kafa a 1933, da Leo Soileau, da Harry Choates wanda "Jole Blon" ɗinsa ta 1946 ta zaga ƙasar. Kullum dare ina ɗaki ina haddace gudun yatsu. Nan kuskuren ya faro, ban sani ba. Kunnena yana kan mai goge da kwalliyar da yake yi, ban taɓa sauraron mutumin da ke bayansa yana dukan jita ɗaya-ɗaya ba gajiya ba, alhali kujerarsa ce zan hau.

Wani dattijo mai goge da nake zama wajensa ranar Asabar ya ce mai jitarsu ba shi da lafiya, in zo in riƙe musu a wata rawar dangi a ƙauye. Mu huɗu ne, babu mai ganga. Ma'anar wannan ita ce ni ne gangar. An gaya mini, na ce na ji.

Zauren katako ne, an barbaɗa garin masara a ƙasa don takalmi ya riƙa sulɓi. Tukunyar miyarsu da suke kira gambo tana kan wuta a baya, an ware mini ta kaza don sun san ba na cin alade. Waƙoƙi huɗu na farko lafiya lau. A ta biyar, mai taku biyu ce mai ɗan zafi, dattijon ya gama zagayensa ya ɗaga mini gira, wato ga naka. Sai na saki dukan gaba ɗaya na faɗa cikin gudun da na haddace. Wata shida na ajiye shi, na zuba shi duka a lokaci guda. Yatsuna suna gudu, zuciyata tana gudu, kiɗan ya bi ni da gudu. Mai babbar jita ya yi ƙoƙarin riƙe ni, na tsere masa. Kaina a sunkuye yake a kan tsirkiya, ban ga fili ba sam. Abin da ya sa na ɗago shi ne ƙarar takalman da ta watse, wadda da farko take tafiya tare kamar ana daka. Mutane sun tsaya cirko-cirko, ga tsohuwar nan a hannun mijinta.

Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma wallahi da an yi da ya fi mini sauƙi. Muna loda kaya a mota dattijon ya ce, "Ɗana, ka iya rawa?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, je ka koya, sai mu yi magana." Wata biyar bai ƙara kirana ba.

Na yi fushi da farko, ba zan ɓoye ba. Ina ganin na zo da gwaninta an raina ta. Amma na je na koya, kuma a fili na gane abin da ɗaki bai nuna mini ba. Mai rawa yana ɗora nauyinsa a kan dukan da bai zo ba tukuna, ya amince zai same shi a wurin. In ka matsar da shi ko da ƙiftawar ido, ka janye masa ƙasa. Matar da ta haura saba'in, ƙafarta ɗaya a sama, ka janye mata ƙasa! Na ji haka a gwiwata wani dare da wani matashi mai jita ya yi sauri, na kusa taka ƙafar wadda nake rawa da ita, raina ya ɓaci da shi, sai na tuna wane ne ni.

Don haka duk mai son shiga wannan kiɗa, ga abin da zan ce masa. Ka bar kwalliya tukuna. Ka yi wata uku kana duka huɗu-huɗu, gajere, kana sassauta yatsun hagu bayan kowane duka don sautin ya yanke tsaf, har ya zama kana iya hira kana yi. Ka rarrabe mai taku biyu da wals mai taku uku a ƙafarka kafin hannunka. Tsofaffin waƙoƙinsu wasu suna da ƙarin duka a inda ba ka zata ba, mawaƙin zai ja numfashi yadda ya ga dama, kai ka bi shi, kada ka bi lissafinka. Idan akwai akodiyon a wajen, ka tambayi sautinta kafin a fara, don masu goge da yawa kan sauke tsirkiyarsu mataki guda su dace da ita. In kuma an ba ka zagaye a ƙungiyar da ba ta da ganga, ka tabbata wani ya karɓi dukan kafin ka sake shi. Wannan kaɗai da na sani, da tsohuwar ba ta yi tangal-tangal ba.

An ce Darbone yakan bar motarsa Ford a kunne a bakin zaure, ya jawo waya daga batirinta zuwa lasifika. Da na fara jin labarin na ɗauka son a ji gwanintarsa ne. Yanzu ina ganin don na can ƙarshen fili ne, su ma su ji inda za su sa ƙafa.

Da dattijon ya sake kirana, a zauren nan ne dai. Na zaɓi fararen takalman tsohuwar nan na kafa musu ido tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Sau biyu ya ɗaga mini gira, sau biyu na girgiza kai. Da aka tashi ta biyo ta gabanmu tana fifita da hannu, ta ce wa dattijon yau kam ƙafarta ta gaji, ta wuce wajen tukunya.