Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tarin da ba tibi ba

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon na tsaya a inda aka mai da ni ɗakin masu cutar ƙanjamau, to yau labarin wani bawan Allah zan ba ku.

An kawo shi duk ya rame, tari ba dare ba rana, wani sa'in har da jini a kaki, numfashi sama-sama. Duk wanda ya gan shi tibi zai ce, wato tarin fuka, dama ita ce ta fi kashe masu HIV, shi ya sa tun daga inda ya fito aka ɗora shi a kan maganinta, ya sha ya sha shiru ba sauƙi, gwajin kaki kuma kullum ba a ganin komai. Fatarsa tas, ko tabo ɗaya babu.

Ranar da babbar likita ta zo zagaye ta ce min "Sista miƙo tocila." Ta juya ta ce "Malam buɗe baki, ɗaga kanka sama." Wallahi can a ganɗarsa ga wani abu ja mai duhu ya ɗan tasa, shi kansa bai san da shi ba tunda ba ya masa ciwo. Ta ja fatar idonsa ta ƙasa, nan ma ga jan tabo wanda kowa ya ɗauka jini ne ya kwanta saboda yawan tari.

Ashe Kaposi ce, kansar da ke tsirowa daga bangon jijiyoyin jini. Wani likitan fata Moritz Kaposi ne ya fara bayaninta a 1872, sai a 1994 aka gano wata ƙwayar bairas mai suna HHV-8 ce silarta, tana nan kwance a jiki sai garkuwa ta faɗi ta samu dama. A littafi ce mana ake tabo ne ruwan shunayya a ƙafa ko kan hanci, to fisabilillahi a baƙar fata ina za ka ga shunayya? Kuma takan tsallake fatar gaba ɗaya ta faɗa huhu kamar nasa, ko hanji mutum ya dinga zubar da jini a ɓoye, a yara ma sau da yawa kaluluwa ce kawai take kumbura.

Duk da haka sai da aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, don akwai wata cutar bakteriya mai kama da ita sak wadda antibayotik ke warkarwa. Abin da ya fi ɓata wa likita rai shi ne prednisolone da aka daɗe ana ba shi wai don numfashi, alhali irin wannan maganin ƙara rura Kaposi yake, nan take ta sa a janye masa a hankali.

Aka fara masa ARV, wato maganin rage kaifin ƙanjamau, sai bayan 'yan makonni abin bakin ya ƙara girma, hakan kan faru idan garkuwa ta fara farfaɗowa. Matarsa kuwa ta tare ni a bakin ƙofa idonta jajir ta ce "Sista maganinku ne zai kashe min miji." Yadda muka kwashe da ita da maganar kemo, wato maganin kansa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.