Yadda aka ɗinke waƙar Strawberry Fields Forever daga ɗauka biyu

John Lennon, mawaƙi a ƙungiyar Beatles, ya fara rubuta wannan waƙa a Almeriya ta ƙasar Sifen a 1966, lokacin da yake fitowa a wani fim. Sunan kuwa na wani gidan marayu ne na ƙungiyar Salvation Army a unguwar Woolton ta Liverpool, kusa da gidan da ya taso, inda yake wasa cikin lambu yana yaro.

Ƙungiyar Beatles ta shiga sutudiyon EMI na Abbey Road a Landan ran 24 ga Nuwamba 1966. Ɗauka ta 7, wato karo na 7 na naɗar waƙar a tef, ta fito a natse, da sautin sarewa da Paul McCartney ya kaɗa a na'urar Mellotron. Lennon bai gamsu ba. Aka sake wata mai nauyi da sauri, furodusan ƙungiyar George Martin ya tsara mata ƙahonin tirampet 4 da manyan gogen selo 3, ita ce ɗauka ta 26. Sai Lennon ya ce farkon waccan yake so da ƙarshen wannan.

A nan gizo ke saƙar. Ɗaukar biyu sun bambanta a gudu, sun kuma bambanta a tsayin sauti. A zamanin tef ba a raba waɗannan: ka ƙara wa na'ura gudu, sauti ya sirance ya hau, ka rage, ya yi kauri ya sauka. Sa'ar da aka ci ita ce ɗauka mai saurin ita ce kuma mai sautin sama. Da akasin haka ne, gyaran ɗaya zai ƙara ɓata ɗayan. Ran 22 ga Disamba, Martin da injiniya Geoff Emerick suka rage gudun ta 26, suka ɗan ƙara wa ta 7 har suka dace, sannan aka yanka tef ɗin aka liƙa.

Mahaɗin yana wajen minti ɗaya da fara waƙar. Sa abin sauraro a kunne: nan take muryar Lennon za ta ƙara kauri, selo su shigo, ganguna su yi nauyi. A ganina wannan jan murya, wanda rage gudu ya haifar, shi ne ruhin waƙar.

Ta fito a Fabrairu 1967 a faifai ɗaya da Penny Lane, ta tsaya a matsayi na 2 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, bayan Release Me ta Engelbert Humperdinck.