Lasa ɗaya

Juma'ar nan zan miƙa makullin ɗakina a sashen haƙori bayan shekara uku. Sababbin zuwa sun ce in bar musu wani abu. To, ga shi.

Yarinya ce 'yar shekara bakwai, turamenta na girma ba su daɗe da fitowa ba, muka ce a liƙe tsagoginsu da silan, wani ruwan roba mai daskarewa in an haska masa fitila ta musamman, kafin su fara kogo. Na wanke haƙorin, na shafa asid ɗinmu na fosforik mai kashi 37, na ɗauraye, na busar, ya yi fari fat kamar alli. Ina juyawa in ɗauko silan, sai ta kai harshe ta lashi wurin. Da idona na gani. Ƙa'ida ita ce in sake shafa asid. Amma ranar oga ya janye mai riƙe min bututun zuƙe yawu, yara sun cika benci, shi kuma sai leƙowa yake yana duban agogo. Iska kawai na hura, na zuba, na haska fitila.

Wata takwas aka dawo da ita. Gefe ɗaya na silan ɗin ya ɗaga, abinci ya yi ta shiga ƙarƙashi, ruɓa ta kama. A gaban uwarta oga ya ce, “Kai ba a koya maka aiki ba ne?” Na ce, “Tuba nake, ranka ya daɗe.”

Muna ɗalibai, duk hankalinmu na kan zurfi: ruwan silan ya kai gindin tsaga ko bai kai ba? Tsaga mai faɗin baki irin V ko U takan cika. Siririya mai zurfi irin I, wadda ko gashin burushi ba ya ratsawa, da wuya ka cika ta, komai gwanintarka. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Ƙananan ramukan da asid ya tona a gangaren tsagar su ke riƙe silan, yawu kuwa nan take yake toshe su. Muddin bakin tsagar ya rufu ruf, ƙwayoyin cutar da ke ƙasa ba su da abinci.

In yaro ba ya tsayuwa, ko dasashi bai gama sakin haƙorin ba, ɗauki gilas ayonoma, wani irin simintin haƙori, a madadin silan. Ya fi jure damshi, ka danna da yatsa mai basilin. In kumfa ta fito a silan, fasa ta kafin fitila. Bi gefen liƙin da tsinken bincike kafin yaro ya sauka.

Tun daga ranar ba a sake dawo min da ɗagagge saboda yawu ba. Oga har yanzu yana ba ɗalibai labarin yarinyar, sai dai bai taɓa kaiwa kan wanda ya janye mataimakiyar ba.