Kwafin da ke tare wa na asali hanya

Tun 2015, duk editan da ya rubuta shafinsa na gabatar da kai a Meta-Wiki, wato wikin da ke haɗa ayyukan Wikimedia, shafin kan fito da kansa a sauran wikin Wikimedia irin su Wikipedia, muddin babu wani shafi mai wannan suna a can. To, a wannan sharaɗin gizo ke saƙa, kuma aikin sharar shafuka ne ya buɗe mini ido a kai.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya bar burauza a buɗe, asusunsa ya fita bai lura ba. Ya ga harafi ɗaya ya karkace a shafinsa, ya kwafo rubutun, ya gyara, ya adana. A zatonsa na Meta ya taɓa, alhali sabon shafi ya ƙirƙira a wikin da yake ciki. Daga ranar, ko sau nawa ya sabunta na Meta, masu karatu a wannan wikin tsohon kwafin za su riƙa gani. Haka ma bayanin hoton da ke ajiye a Commons, ma'ajiyar hotuna ta Wikimedia: ana iya buɗe masa shafi na gida ba da niyya ba.

Yawancin mutane sai su yi wuf su share rubutun, su bar shafin fanko. Ba ya magani. A wurin manhajar, shafi fanko ma shafi ne, yana nan ya tare hanya. Sai an goge shi ɗungurungum, wannan kuwa aikin mai gudanarwa ne. A ƙananan wikin da ba su da nasu, masu gudanarwa na gama-gari ake nema. Kafin a goge, nakan duba ko akwai gyara mai amfani a ciki, don a mayar da shi shafin asali.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake neman gogewar. Sai ka ga mutum ya shiga asusunsa ya rubuta a fili: "Ni ne na yi wancan gyaran, ban san na fita ba." Shi ke nan, ya ɗaure sunansa da adireshin IP ɗin da ke tarihin shafin, wato lambar da na'urarsa ke shiga intanet da ita, wanda kan nuna kamfanin intanet ɗinsa, wani lokaci har yankin da yake. Ba ya buƙatar faɗin haka. Shafi ne mai sunansa, ya isa ya ce a goge. Idan yana son a ɓoye adireshin, imel zai tura a asirce ga masu ikon ɓoye bayanai.

A 2025 Wikimedia ta yaɗa tsarin asusun wucin gadi ga masu gyara ba tare da shiga asusunsu ba, mai suna da ke farawa da alamar ~ sannan shekara. Jama'a ba sa ganin adireshin yanzu, amma wasu amintattun editoci suna iya dubawa, kuma duk gyaran da aka yi da wannan asusun a jere yake. Saboda haka har yanzu nakan ce wa sababbin editoci kada su amsa a fili cewa irin wannan asusun nasu ne. Tsofaffin gyare-gyaren da aka yi kafin tsarin kuwa, adireshinsu na nan a tarihi yadda yake.