Kalmar species da wuraren da ɗalibai suke tuntuɓe

Duba takardun ɗaliban ilimin halittu yana nuna abu ɗaya a kai a kai: kalmarmu ta "jinsi" tana ɗauke da nauyin kalmomin Turanci uku, wato genus da species da breed. Wanda bai raba su ba, maki zai yi ta zubewa daga hannunsa ko da ya san darasin.

Species rukuni ne na halittun da za su iya barbara a tsakaninsu, su haifi abin da shi ma zai haihu. Jaki da goɗiya suna haifar alfadari, amma alfadari kusan kullum ba ya haihuwa, domin doki yana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayoyin jiki) 64, jaki 62, shi kuma ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Saboda haka doki da jaki species biyu ne a ƙarƙashin genus ɗaya, Equus; genus shi ne babban rukunin da ke haɗa species masu dangantaka ta kusa. Shanun Bunaji da Rahaji da Gudali kuwa, duk da bambancin launi da ƙaho, suna haihuwa da juna lafiya lau. Waɗannan breed ake ce musu, wato ire-ire a cikin species ɗaya.

Kama da juna ba hujja ba ce. Gurjiya tana 'ya'ya a cikin ƙasa kamar gyaɗa, amma 'yar ɗakinsu wake ce: ita Vigna subterranea, shi Vigna unguiculata. Gyaɗa tana can cikin wani genus ɗin, Arachis.

Wannan tsarin suna mai kalma biyu ya kafu ne da aikin Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, a 1753 ga tsirrai, a 1758 ga dabbobi. Kalmar farko, wato sunan genus, da babban harafi take farawa, ta biyu da ƙarami, ko da daga sunan mutum ko gari aka samo ta. A kwamfuta a karkatar da haruffan. Da biro kuma a ja layi ƙarƙashin kowace kalma daban. Bayan ambaton farko ana iya taƙaitawa: Plasmodium falciparum, sunan ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ya koma P. falciparum.

Sai kuskuren da ya fi ciwo, don ƙarami ne ƙwarai. Species ba ta canzawa tsakanin tilo da jam'i: one species, two species. Ɗalibi ya ga "s" a ƙarshe, sai ya cire ta don ya samu tilo, ya rubuta specie, alhali wannan kalma ce dabam mai nufin kuɗin ƙarfe. Jam'in genus kuma genera ne.