Saƙon Godiya Daga Gadarif

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, na gida Najeriya da na nan Sudan. Ranar Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya a nan Gadarif, saboda maigidana da Allah ya tashe shi daga doguwar jinya, da kuma yadda ya bi da mu tun da yaƙi ya raba mu da Kartum. An ba ni dama in ba da shaida a gaban ikilisiya, amma da yawa cikin waɗanda suka cancanci su ji ba su wurin. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni 'yar ƙasar Malumfashi ce. Aikin jinya ne ya kai ni Kartum, aure ya zaunar da ni, domin maigidana ɗan Duwatsun Nuba ne. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa da ake kira RSF. Ko mako ba mu yi da gama bikin Ista ba, 'yan'uwanmu Kibɗawa, Kiristocin cocin Koftik, suna shirin nasu washegari, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna cikin goman ƙarshe na azumi. Da aka fara kwashe 'yan Najeriya a motoci zuwa iyakar Masar an neme ni, amma surukata ba ta iya wannan tafiya, ni kuma ba zan tafi in bar ta ba. Muka gangara Wad Madani. A watan Disamba na shekarar faɗa ya iske mu a can, muka sake ɗaure kaya zuwa wajen Sinnar, har muka sauka Mai Wurno. Da rikici ya matso yankin a tsakiyar 2024 muka iso Gadarif, inda kwalara ta kama maigida, ta bar shi da raunin da ya daɗe bai sake shi ba.

Godiyata ta farko ga Allah take, mai rai da mutuwa a hannunsa.

Sai Baba Alhaji da Inna na Mai Wurno. Ba su san mu ba, Hausar da suka ji a bakina a bakin kasuwa ce kawai ta haɗa mu. Tun a ƙofar gida na gaya wa Baba cewa mu Kirista ne, don kada daga baya a ce mun ɓoye. Ya ce, "'Yata, kakanninmu ma da ƙafa suka zo ƙasar nan, shigo da tsohuwar daga rana." Gaskiya ya faɗa, domin bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a gabas har suka kafa garin a bakin Shuɗin Nilu. An ce baƙo raɓa ne, mu kam mun daɗe, kuma ko sau ɗaya ba a nuna mana an gaji ba. Duk safiyar Lahadi Inna takan kwashe jikokinta daga ƙofar ɗakinmu, ta ce su yi nesa, Maman yara suna addu'a. Kisra, wato siririn burodin dawa na nan, da miyar da gidan ya ci, ita muka ci. Inna, Baba, Allah ya saka muku da alheri, ya tsare zuriyarku, ya dawo muku da waɗanda yaƙi ya watsa.

Mutane suna yawan tambayata abin da muka rasa. Mun rasa gida da aiki da duk abin da muka tara. Amma shaidar da nake so in bayar ta abin da Ubangiji ya yi a cikina ce.

A Kartum ni mai hidima ce: ina cikin mawaƙa, ina zumuntar mata, ni ce mai kai wa marasa lafiya abinci. Hannuna ya saba bayarwa. A gidan Inna sai ga ni ina miƙa kwano ana zuba mini, kuma abin ya yi mini nauyi fiye da yunwa. A nan na fara fahimtar alherin da muke waƙarsa kullum, wanda ake ba mutum ba don ya cancanta ba, kuma ba shi da abin biya. Addu'ata ma ta sāke. Da can ina da jerin buƙatu, in karanto wa Allah ɗaya bayan ɗaya. Daren da harsashi ke wucewa ta kan rufi, kalmomi suka ƙare, sai "Ya Yesu" kawai nake iya faɗa. Daga baya na koma Romawa sura 8, inda Bulus ya nuna cewa Ruhu yana roƙo dominmu lokacin da ba mu san abin da za mu roƙa ba, na ga ashe ba a bar ni ni kaɗai ba.

Abu mafi wuya shi ne gafara. A wani shinge a hanya, wasu 'yan bindiga sun doki maigidana a gaban 'ya'yansa, suka kwashe ɗan abin da ya rage mana. Tun daga ranar, in muna Addu'ar Ubangiji aka iso wurin gafarta wa masu yi mana laifi, sai in rufe bakina, jama'a su wuce, in kama daga gaba. Wata tsohuwa 'yar Nuba da muke sujada tare a nan ta lura. Ita ɗanta aka kashe. Bayan an tashi ta kama hannuna ta ce mini da Larabci, "'Yata, ki faɗa ko da baki ne, zuciya tana tafe a baya." Na fara faɗa haƙora a cije. Ba dare ɗaya abin ya sauka ba, kamar tsakin masara ne da sai ya kwana a ruwa kafin ya yi laushi. Wata rana na iske kaina ina roƙon Allah ya mai da yaran nan wurin iyayensu mata da rai, don da yawansu ba su girmi ɗan farina ba. Mama, na gode, Allah ya share miki hawaye.

Kada wani ya karanta wannan ya ce yaƙi alheri ne. Yaƙin nan mugunta ce, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, kuma gafarar da na yi ba ta ce abin da aka yi mana daidai ne ba. Har gobe ina roƙon a yi adalci. Haka kuma ina roƙon masu wa'azin da ke auna girman bangaskiya da mota da gida su sassauta harshe. Na zauna da matan da ba su da ko tabarma, amma haƙurinsu da salamarsu da kamun kansu, waɗannan da Galatiyawa sura 5 ta kira 'ya'yan Ruhu, sun fi na duk wanda na taɓa sani.

Ina gode wa zumuntar mata ta ikilisiyarmu ta gida, da kuka yi azumi dominmu, kuka haɗa gudummawa alhali ku ma tsadar rayuwa tana gasa ku. Na gode wa fastonmu na nan da dattawan ikilisiya, da ma'aikatan jinyar da suka yi ta neman jijiya a hannun maigida har ƙarin ruwa ya shiga. Na gode wa matasan da ke dafa abincin sadaka a unguwanni, abin da ake kira takiya a nan, ba sa tambayar addinin mai kwano. Na gode wa Hausawan Gadarif da suka nemo mana ɗaki, da yayana da bai taɓa gajiya da kira ba.

Tun da sojoji suka sake karɓar Kartum a watan Maris na 2025 wasu sun fara komawa. Mu dai muna nan tukuna, sai maigida ya ƙara ƙarfi, ga kuma tsohuwa. Ku ci gaba da yi mana addu'a, musamman saboda dangin maigidana da ke Kadugli a Duwatsun Nuba, waɗanda muka daɗe ba mu ji muryarsu ba. Waɗanda suka aiko saƙo ban amsa ba ku yi haƙuri, intanet a nan sai an dace, amma zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda.